Ina Sufeto Ya Kwana?

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, don haka masu jiran a ɗaura aure ko a fasa sai su yi mini haƙuri. Wata tambaya ce ta ishe ni, shekara da shekaru ana yi mini ita a waya da gidan biki, har wata rana a layin ganin likita, ina rungume da yaro ba lafiya, wata baiwar Allah ta matso ta ce, "Hajiya don Allah ina Sufeto ya kwana? Mun karanta na ɗaya da na biyu, na ukun fa?" Kullum amsata ɗaya ce, wai tsadar takarda. To takarda kam ta yi tsada, wannan ba ƙarya ba ne, amma ba ita ta hana na uku fitowa ba.

Kafin in faɗi dalili sai na fara gaya muku inda na samo Sufeton, domin kuwa ba daga kaina ya fito ba kamar yadda na bari kuka ɗauka. Bature ne, mutumin Ingila, ni dai hula na sa masa na ba shi goro.

A shekarar 2009 maigida ya shigo da wani faifan DVD daga kasuwa, irin wanda ake cusa wa fim goma sha wani abu a faifai ɗaya. Wasan 'yan sanda ne na gidan talabijin na BBC mai suna Life on Mars, wanda aka nuna a 2006 da 2007, kashi goma sha shida. Da farko ban kula shi ba, saboda Turancin mutanen Manchesta ba irin wanda aka koya mana a sakandare ba ne, rabin kalma suke haɗiyewa, sai da muka gano yadda ake fito da rubutu a ƙasan hoton sannan na zauna. Labarin wani ɗan sandan ciki ne, Sam Tyler, ɗan zamani mai bin doka ƙa'ida-ƙa'ida. Mota ta buge shi a 2006, da ya buɗe ido sai ya tsinci kansa a 1973, a garin nan nasu dai, a aikin nan nasa dai, sai dai an rage masa muƙami, an kuma ɗora masa wani shugaba. Wannan shugaban shi ne Gene Hunt, babban sufeton 'yan sandan ciki, wanda Philip Glenister ya fito a matsayinsa.

Kai jama'a, wannan mutum! Ƙato ne mai tumbi, kullum cikin doguwar kwat mai launin raƙumi, sigari a baki, 'yar kwalbar giya a aljihu. Haɗuwarsu ta farko da Sam ba a yi nisa da magana ba ya shaƙo shi ya haɗa da kabad ya zuba masa naushi a ciki, gaisuwar ke nan. Motarsa Ford Cortina, idan ya figo ta cikin lungu sai ka ce aljanu ke binsa. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ƙafa yake sa mata. Wanda ake zargi kuwa ba ofis ake kai shi ba, ɗakin ajiye kayan tsintuwa ake shigar da shi, tsakanin tarkace, a rufe ƙofa. Sam zai zo da 'yar rikodarsa yana cewa a ɗauki maganar a kaset, a nemi shaida, a duba zanen yatsa, shi kuwa Hunt yana kallonsa kamar ya ga mahaukaci, domin a wurinsa ya riga ya san mai laifi tun daga ƙofa, abin da ya rage kawai a matse shi ya faɗa da bakinsa. Ga baƙar magana ga mata, ga raina duk wanda ba irinsa ba. A bangon ofishinsa hotunan finafinan kaboyi ne, shi a ransa sarkin yaƙin garin ne, Manchesta kuma gonar ubansa.

Duk wannan na gani da idona, amma wallahi na so shi. Idan ya shigo sai in gyara zama, idan Sam ya fara wa'azin ƙa'ida sai in ja tsaki in ce wannan yaron ya cika iyayi.

Akwai dalili. Shekara guda kafin nan ɓarayi sun haura gidanmu da dare, suka ɗauke keken ɗinkina da janareto da akwatin zannuwan da na tara tun aurena. Matasan unguwa suka kama ɗaya daga cikinsu da zanina a hannunsa, aka kai shi caji ofis, maigida ya yi kwana uku yana zarya, ya sayi takarda, ya sayi biro, ya zuba mai a mota. Ranar Juma'a ina dawowa daga gidan suna sai ga yaron nan a bakin titi yana shan rake, har da ɗaga mini hannu. Duk wanda aka taɓa yi wa haka ya san abin da ke cin zuciyar mutum. To ina cikin wannan takaici sai ga wani a talabijin wanda ba ya jiran takarda, wanda idan aka cuci tsohuwa ko yarinya a garinsa ba ya barci sai ya damƙo wanda ya yi. Kamar an ba ni ruwan randa a tsakiyar bazara. Kuma mu dama mun saba da irin wannan mutum tun muna yara, mai tsawa da zare ido amma cikinsa fari, irin Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, wanda in ya daka tsawa a bariki mu dariya muke yi don mun san ba mugu ba ne.

Sai na ɗauki biro. Na cire giyar na ba shi goro, na cire kwat na sa masa kaftani da hula zanna, na kashe masa mata don a samu inda soyayya za ta shiga, tunda kun san halinku, littafi babu soyayya ko kyauta ba za ku karɓa ba. Hannun ne kawai ban taɓa ba, na bar masa shi yadda yake. Na ɗaya ya fito a 2010, na biyu a 2011, kuma a duk abin da na rubuta babu wanda ya kai su kasuwa. Lambar wayata tana bayan littafin, saƙo ya riƙa shigowa har tsakar dare. Wata ta ce in akwai irinsa a gaske ta yarda ta shiga ta huɗu. Wurin da aka fi yabawa shi ne inda aka sace 'yar wani malami, Sufeto ya kama direban gidan, ya ɗaure shi ya rataye a ƙugiyar fanka, kafin kiran assalatu ya faɗi inda aka ɓoye yarinyar, aka same ta da rai. Na tuna daren da na rubuta wurin, da fitilar ƙwai, hannuna har rawa yake don daɗi.

Ina tsakiyar na uku, a 2014, aka kama autanmu.

Shekararsa ashirin da biyu a lokacin, yana gyaran waya a wata 'yar rumfa da ya haɗa da abokinsa. Wani ya kawo waya a canja mata gilashi, ya bar ta ya tafi, ashe wayar ta fito ne daga wani fashi da aka yi har aka harbi mutum. Aka bi sawunta har rumfar, aka same ta a cikin durowarsa. Hausawa sun ce na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo, balle kuma ga abu a hannunka. Ba zan faɗi ofishin ba, ba zan faɗi garin ba. Ummanmu tana fama da hawan jini, muka ɓoye mata muka ce ya yi tafiya sayo kaya, ni na riƙa kai masa abinci.

Kwana biyu na farko ba su bari na gan shi ba, kwanon kawai ake karɓa a kanta. Rana ta uku aka shigar da ni wurin mai binciken. Jama'a, da na ɗaga labule na gan shi sai da gabana ya faɗi. Dattijo ne mai jiki, cikin kaftani, ga goro a kan tebur. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini kujera, ya tambayi lafiyar yara. Na ce, "Yallaɓai, yaron nan ni na goya shi, ko kazar maƙwabta bai taɓa ɗauka ba." Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, kowace uwa haka take faɗa. Shekarata ashirin ina wannan aiki, ido kawai nake kallo in gane ɓarawo. Kuma ma ai ya riga ya amsa." Ya turo mini takarda, ga sa hannun ƙanina a ƙasa, a karkace kamar na ɗan aji ɗaya.

Maganar idon nan, kusan kalma da kalma, na sa ta a bakin Sufeto a littafi na ɗaya. Masu littafin a gida su duba.

Kwanansa tara. Abin da ya fid da shi ba wayona ba ne, ba kuma binciken kowa ba, Allah ne ya sa aka kama wanda ya kawo wayar a wata ta'asar daban, shi ya ce mai gyara bai san komai ba. Duk da haka sai da muka sayar da abin da muka sayar, a ƙarƙashin allon da aka rubuta beli kyauta ne. Da aka fito da shi ba ya iya ɗaga hannuwansa sama da kafaɗa, ga sawun ankwa ya zagaye wuyan hannun, ga ruwa yana fita daga kunnensa na hagu. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe. Kafaɗun sun warke bayan wata uku, kunnen kuwa har yau.

A mota muna komawa gida na kasa haƙuri, na ce, "Auta, don me ka amsa abin da ba ka yi ba?" Bai ji ba sai da na sake faɗa ta ɗaya gefen. Ya ce, "Yaya, da sun ce in ce ni na kashe Baba, da na faɗa." Na tambaye shi yadda aka yi da kafaɗun, ya ce rataye shi aka yi. Ban tambayi a jikin me ba.

Daga ranar ban ƙara buɗe littafin rubutun nan ba sai bayan shekara biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Lokacin da Sufeto ya rataye direba, ni na san direban ne ya sace yarinyar, domin ni na sa shi ya sace ta tun a babi na huɗu. Mai karatu ma ya sani, na nuna masa. Saboda haka duk marin da Sufeto ya kai, a kuncin mai laifi yake sauka, ba ya taɓa kuskure, ba don yana da ido ba sai don ina tsaye a bayansa ina nuna masa wanda zai mara. Dattijon can mai goro ba shi da marubuciya a bayansa. Zato kawai gare shi, da waya a cikin durowa, da manya a sama suna cewa a kawo wanda ya yi. Kuma na yi imani har zuciyarsa ya ɗauka ƙanina ɓarawo ne, ya kwana yana ganin ya yi aikin kirki, kamar yadda na kwana ranar da na rubuta babin fanka.

Da na samu natsuwa na nemo faifan na sake kallo, sai na ga ashe masu wasan sun fi ni gaskiya, ni ce na ɗebi abin da nake so na bar saura. Akwai kashin da aka dasa bam a mota, Hunt ya ce aikin 'yan Ailan ne, ya sa aka kwaso leburori 'yan Ailan, ya lakaɗa wa ɗaya dukan kawo wuƙa, daga ƙarshe ta bayyana ɗan kwangilar da suke wa aiki ne, bashi ya yi masa katutu. Akwai kashin da wani ƙaramin mai laifi, Billy Kemble, ya mutu a sel bayan wani yaron Hunt mai suna Ray ya ɗura masa hodar ibilis don ya yi magana, ofis gaba ɗaya ya haɗa baki aka rufe. Sam ya tono kaset ɗin da ya ɗauki abin, ya kai wa babbansu, babban ya lalata shi a gabansa. Akwai kuma inda Hunt da bakinsa ya ba da labarin yadda yana sabon shiga ya kai ƙarar wani tsohon ɗan sanda mai karɓar na goro, tsohon ya rataye kansa, ba a daɗe ba shi ma ya fara karɓa. Duk na kalli waɗannan a 2009, wallahi kamar ban gani ba. Su sun ajiye masa Sam a gefe yana ja masa birki. Ni Sufetona babu mai ce masa kul, duk wanda ya yi masa gardama a littafin sai na mai da shi ko maci amana ko matsoraci.

'Yata ta fari ce ta taya ni bincike a waya kan ainihin Ingila ta waɗannan shekarun, don ina so in san ko wasan ƙari ya yi. Bai yi ba. A watan Nuwamba 1974 bam ya tashi a mashaya biyu a Birmingham, mutum 21 suka mutu. Aka kama mutum shida 'yan asalin Ailan, huɗu suka sa hannu a takardar amsa laifi, suka shaida wa kotu dukansu aka yi, ba a saurare su ba, aka yi musu ɗaurin rai da rai a 1975. Sai a 1991 kotu ta wanke su, bayan shekara 16. Wanda ya fi tsaya mini shi ne Stefan Kiszko, ma'aikacin ofishin haraji a Rochdale, nan kusa da Manchesta, mutum mai sanyi da ke zaune da mahaifiyarsa. An kashe wata yarinya 'yar shekara 11 a 1975, aka kama shi yana da shekara 23, kusan sa'an autanmu, aka yi kwana uku ana matsa masa da tambayoyi babu lauya, ya amsa, a tunaninsa in ya amsa za a bar shi ya koma gida, gaskiya ta fito daga baya. Akwai sakamakon gwaji tun farko da ke nuna ba shi ba ne, ba a kai shi gaban kotu ba. Uwar ta yi ta fafutuka har aka sake shi a 1992, ya rasu a 1993, ita ma ta bi shi bayan 'yan watanni. Ainihin wanda ya yi kisan sai a 2007 aka ɗaure shi, shekarar da aka gama nuna wasan. Wato shekara talatin da biyu yana yawonsa, saboda an riga an samu wanda ya amsa. Wannan ne ban taɓa lissafawa ba lokacin da nake jin haushin mai shan rake: ranar da ƙanina ya sa hannu, ranar aka daina neman wanda ya harbi mutumin.

Irin waɗannan ne suka sa Ingila ta yi dokar 1984 wadda ta tsara yadda ake tsare mutum da yi masa tambayoyi, daga nan ɗaukar magana a kaset ya zama dole. Rikodar Sam da nake wa tsaki, ashe da hawayen mutane aka saye ta. Mu ma nan an yi dokar shari'ar laifuka ta 2015 da ta yi maganar lauya da ɗaukar bayanin wanda ake zargi a na'ura, an yi dokar hana azabtarwa ta 2017, an yi zanga-zangar 2020 har aka rusa SARS. Takardu dai suna nan. Wanda ya kai kwano bayan kanta kwanan nan shi zai faɗa mana ko sun iso can.

Kada ku ce mu kaɗai ne masu son irin wannan mutum. Turawan da suka san duk wannan tarihi su ma sun haukace a kansa, har aka sake yi masa wani wasan, Ashes to Ashes, daga 2008 zuwa 2010, aka kai shi Landan ta 1981 aka ba shi jar Audi Quattro. A zaɓen 2010 jam'iyyar Leba ta buga hoton David Cameron zaune a kan motar nan a matsayin Hunt don ta ɓata shi, sai mutanensa suka ga ai talla aka yi musu, suka ɗauki hoton suka ci gaba da yaɗawa. Ƙarshen wasan ne ya ba ni mamaki. Ashe duk duniyar nan tasu wani zango ne na 'yan sandan da suka mutu ko suke gargara, irin tunaninsu na can, shi kuma Hunt yaro ne ɗan shekara 19, sabon kurtu, wanda aka harbe a wani gidan gona ranar naɗin Sarauniya a 1953, aka turbuɗe shi a rami. Ƙaton nan mai kwat da tsawa, mutumin da yaron ya so ya zama ne, irin na finafinan kaboyin da yake kallo. Na daɗe zaune bayan an gama. A ganina nan marubutan suka faɗi abin da suka sani game da shi tun farko, sai dai sun bari sai da aka gama cin kasuwa.

Sau uku ina gwada na ukun. Na farko na sa Sufeto ya tuba ya zama mai bin ƙa'ida, na karanta na ji kamar miya ba gishiri, ni kaina ban yarda da shi ba. Na biyu na sa ya rataye wani yaro mai gyaran waya, na kai shafi goma sha ɗaya na kasa wucewa. Na uku na yi niyyar kashe shi, sai na ga hannuna ya ƙi, domin in faɗa muku gaskiya har yanzu ina son mutumin. Ko watan jiya da na ga guntun wasan a waya, Hunt ya banko ƙofa yana zazzaga masifa, sai da na yi dariya, sannan na waiga in ga ko akwai wanda ya gan ni.

Auta ya yi aure, 'ya'yansa biyu, yana nan yana gyaran wayarsa, sai dai yanzu ba ya karɓar waya sai ya rubuta sunan mai ita ya ɗauki hotonsa. Bai taɓa karanta littafina ko ɗaya ba, shi ba mai karatun hikaya ba ne, amma amaryarsa ta karanta duka tun tana budurwa. Ranar Sallar da ta wuce suna gidana, ana cin tuwo, sai ta ce, "Yaya, ni fa har yau ina jiran na ukun Sufeto, wallahi wurin fankar nan sau biyar na karanta." Yana zaune a gefenta, ta hagunsa take. Ya juyo da kansa gaba ɗaya yadda ya saba, ya ce, "Me kika ce?" Na ce masa cewa ta yi miyar ta yi yaji, na tashi na ɗebo ruwa.